A Daina Gina Mana Ajujuwa Da Asibitoci Masu Kama Da Tanderu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan irin gine-ginen da muke yi a yau a ƙasar Hausa, musamman gidajen zama da ajujuwan makarantu da ƙananan asibitoci da masallatai, waɗanda da yawansu an gina su kamar masu ginin ba su taɓa sanin zafin bazara ba.

Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma ɗan magini. A makarantar da na ƙare aiki akwai jerin ajujuwa guda biyu. Tsohon jerin an gina shi tun zamanin En'e, yana da bango mai kauri da rufi mai tsawo da baranda da ke tare rana kafin ta taɓa bangon. Sabon jerin kuwa, wanda aka yi bikin buɗewa da kiɗa da jawabai, an gina shi da bulo mai inci shida, aka ɗora kwano kusan a kan kawunan yara, aka kuma juya tagoginsa suna kallon gabas da yamma. Daga watan Maris zuwa Mayu, da zarar an wuce ƙarfe sha ɗaya na safe sai yara su fara gyangyaɗi, wasu su riƙa neman izinin fita shan ruwa ba su dawowa, har ya zama dole mu kwashe su zuwa gindin darbejiya mu ƙarasa darasi a can. Malamai kan yi gardama a kan wanda za a ba tsohon jerin a farkon zango, abin da ya isa ya nuna wa kowa wanne ginin ya fi dacewa da ƙasar.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa karanta littafin zanen gini ba, amma ya san abin da rana ke yi wa bango. Da tubali yake gini, wato curin jar ƙasa da aka cakuɗa da ciyawa aka shanya ya bushe, kuma yakan fara bangon da faɗi sosai daga ƙasa ya riƙa rage shi yayin da yake hawa sama. Irin wannan bango yakan shanye zafin rana a hankali, ta yadda kafin zafin ya ratsa zuwa cikin ɗaki rana ta riga ta yi sanyi, a lokacin hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi ke hana sanyin asuba shiga. Rufin soro da ake yi da azara a lulluɓe da ƙasa yana yin wannan aikin daga sama, inda zafi ya fi sauka. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya zame, ana kuma sa indararo mai tsawo ya watsa ruwan rufi nesa da gindin gini. Tsarin gidan kansa ma dabara ce: zaure a gaba inda maigida ke karɓar baƙi iska na ratsawa, sai tsakar gida a buɗe da bishiya da rumfa, inda rabin rayuwar iyali take gudana, a kuma kwana a can idan dare ya yi zafi.

Wannan sana'a ta kai matsayin da duniya ta san da ita. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana gini sun daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, da yadda aka ɗaure rufinsa da ƙasa da azara kawai. Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina suna nan tsaye. A Jamhuriyar Nijar, hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa a fagen zanen gini, a 1986. Duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da tsakar rana ya san sanyin da nake magana a kai.

Ba zan ɓoye dalilan da suka sa mutane suka guji ginin ƙasa ba, domin na tashi ina ɗaukar kwaɓi a ka, na san wahalarsa. Yana buƙatar yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, wanda ya yi sakaci kuma zai ga soronsa na yoyo ko bangonsa ya zube, wani lokaci har da asarar rai. Gara tana cin itace. Giginya, wadda ake tsaga azara daga jikinta, ta yi ƙaranci ƙwarai, kududdufan da ake haƙa domin ɗibar ƙasa kuma sun zama matattarar sauro da shara a tsakiyar birane. Haka nan soron da ba shi da isassun tagogi yakan riƙe zafi da dare a tsakiyar bazara. Sai dai akwai wani dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne kunya. Mun wayi gari gidan ƙasa ya zama alamar talauci, har ana iya hana mutum aure a kansa, don haka duk wanda ya samu ɗan abin hannu sai ya rushe soron ubansa ya ɗora bulo da kwano, ya kuma yi haƙuri da zufa saboda a ce shi ma ya waye.

Abin da muka musanya da shi yana da nasa tsadar. Kwano yana ɗaukar zafi cikin mintoci kaɗan ya sauke shi kai tsaye a kan na ciki, bulon siminti mai rami kuma ba shi da kaurin da zai jinkirta komai. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su kuma ba sa aiki sai da wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya fi ƙarfin yawancin magidanta, a watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko, wato Band A, zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Ke nan mun gina gidajen da ba za a iya zama a cikinsu ba sai an biya kuɗi kullum, a ƙasar da wutar ma ba ta tsayawa. Abin ya fi ciwo a ƙananan asibitocin karkara, inda mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi ke kwance a ƙarƙashin kwano da azahar, a daidai lokacin da ma'aikatan lafiya ke gargaɗin a guji cunkoso a ɗakunan da iska ba ta shiga saboda sanƙarau.

Ba ina kira a koma zamanin da ba ne, domin akwai waɗanda suka riga suka nuna yadda ake haɗa tsohuwar hikima da kayan zamani. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare a shekarar 2001 da tubalin ƙasa da aka matse da ɗan siminti. Bai ƙi kwano ba, sai dai ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ya bar fili tsakaninsa da silin ɗin da aka yi da tubali, ta yadda iska ke ratsa tsakani ta kwashe zafin, kwanon kuma ya fito waje sosai ya yi wa bango laima daga rana da ruwa. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu. Wannan makaranta ta ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini, a 2022. Kusa da mu kuma, a garin Dandaji na jihar Tawa, masu zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa na garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon masallaci a gefensa da matsattsen tubali, aka kammala a 2018. Hausawa ne ke salla da karatu a wurin, da ƙasar garinsu aka yi ginin, kuma maginan gargajiya na cikin waɗanda suka yi aikin.

Matsattsen tubalin nan ba wani abin mamaki ba ne. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, yawanci tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a jiƙa, a matse a injin da mutum biyu ko uku za su iya sarrafawa da hannu, sannan a rufe shi ya yi makonni yana ƙarfi ba tare da an ƙona itace ko ɗaya ba. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, wato NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan injuna. Babban abokin gabar ƙasa shi ne ruwa, maganinsa kuma sananne ne: a yi harsashi da dutse ko kankare ya ɗago sama da ƙasa kamar zuwa gwiwa, a sa abin da zai hana danshi hawa, a kuma bar rufi ya fito ya kare bango. Amma babu irin ginin da zai tsira idan aka kafa shi a kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a watan Satumbar 2024 ta shiga gidajen ƙasa da na siminti baki ɗaya, a birane da yawa kuma unguwannin awon igiya sun cike kududdufai da fadamun da a da suke shanye ruwan sama, aka sayar da su fuloti-fuloti ba tare da magudana ba.

Ko wanda ya dage sai bulo zai yi gini da shi, akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi sai tunani. A juya gini ta yadda dogayen bangayensa da tagoginsa za su kalli kudu da arewa, domin ranar safe da ta yamma su faɗa a kan gajerun ɓangarori. A sa tagogi suna fuskantar juna don iska ta shiga ta fita, a bar ƙananan kafofi can sama kusa da silin saboda iska mai zafi sama take tashi. A ƙara tsawon ɗaki, a zaɓi kwano mai haske a bar baƙi da ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu. A bar ƙasa a tsakar gida a shuka bishiya, maimakon a shafe ko'ina da siminti ya riƙa mayar da zafi cikin ɗakuna har tsakar dare. Ina mamakin masu kuɗin da ke lulluɓe gaban gidajensu da gilashi a Kano, salon da aka tsara domin ƙasashen da ke neman rana ido rufe.

Dalilin da ya sa na fi matsa wa gwamnati shi ne, talaka ba zai yi gwaji da kuɗin da ya shekara goma yana tarawa ba, kuma ba zai daina jin kunyar ƙasa ba sai ya ga manya sun yi amfani da ita. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su ne ke gina ajujuwa da asibitoci da rukunin gidajen ma'aikata a kowace shekara, amma sau da yawa zane guda ake miƙa wa ɗan kwangila, ko a Legas za a yi aikin ko a Nguru. Ina roƙon hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohinmu su nemi sashen koyar da zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsa su fitar musu da zanen aji da na asibiti da ya dace da yankinmu, a gina kaɗan a kowace shiyya, a auna zafin cikinsu da abin da aka kashe, a bayyana wa jama'a sakamakon. A sa Sarakunan Magina da tsofaffin gwanaye cikin aikin tun suna raye, a haɗa su da ɗaliban kwalejojin fasaha, domin yawancin 'ya'yansu sun bar sana'ar, ni kaina ina cikinsu. Bankunan da ke ba da rancen gina gida su ma su karɓi matsattsen tubali a matsayin gini mai daraja. Kwamitocin masallatai kuma, kafin su tara kuɗin sayen na'urorin sanyaya ɗaki da janareta, su fara tambayar mai zane ko an bar wa iska hanya.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka kai ma. Idan bazara ta kama, ka tura wakilinka da ma'aunin zafi da ƙarfe biyu na rana, ya auna cikin wani tsohon zaure a birnin Zariya ko Kano, ya fito ya auna cikin ajin firamare mafi kusa da aka gina a shekarun nan, ku buga lambobin biyu a shafin farko tare da hoton yaran da ke zaune a ajin.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Zariya.