Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya: Aikinmu Kan Shuɗin Hasken OLED

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu malamai, shugabanni da 'yan'uwa mambobi na gida da na ƙetare, ga rahoton abin da ƙungiya ta yi a wannan shekara, kamar yadda kwamitin gudanarwa ya ɗora wa ofishin sakatare.

A babban taron bara ne muka amince mu daina yawo tsakanin batutuwa, mu tsaya kan tambaya guda: me ya sa shuɗin launi a allon OLED (irin allon waya da talabijin da ƙwayoyin sinadarai masu kabon ke fitar da haskensa da kansu) yake riga ja da kore mutuwa, kuma wane irin gini za a yi wa ƙwayar sinadari don ta jure? A kan haka aka tafiyar da duk zaman karatunmu na intanet.

Zaman karatu

Mun fara daga tushe saboda sababbin ɗalibai. A 1987 ne Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka fitar da OLED ta farko mai amfani, haskenta kore. Matsalar da ta biyo baya ita ce idan lantarki ya zuga ƙwayoyin, kashi 25 cikin 100 ne kawai ke faɗawa yanayin singilet mai ba da haske nan take, sauran kashi 75 kuwa yanayin tirifilet suke faɗawa, wanda ba ya ba da haske, zafi suke zama. A 1998 Baldo, Thompson da Forrest a Amurka suka nuna cewa ƙarfe mai nauyi irin filatinum na iya sa tirifilet ma ya yi haske, daga baya iridiyom ya karɓe fagen. Ja da kore sun ci moriyar wannan. Shuɗi ya ƙi.

A nan muka fi daɗewa, kuma a ganina nan ne ƙungiya ta fi ƙaruwa. Shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 460 yana ɗauke da kuzari kusan eV 2.7 (eV ma'aunin kuzari ne a matakin ƙwayar zarra), wanda bai yi nisa da ƙarfin ɗaurin kabon da naitirojin da ke cikin yawancin waɗannan ƙwayoyi ba. Ga tirifilet da daɗewa a zuge. Yana nan yana jira sai ya ci karo da ɗan'uwansa ko da caji mai wucewa, kuzarin biyu ya taru a kan ƙwaya ɗaya, ɗauri ya tsinke. Ɓaraguzan da suka rage kuma su zama tarko, suna cinye hasken maƙwabta. Shi ya sa FIrpic, sinadarin iridiyom mai shuɗin haske wanda aka yi ta yayi tun 2001, bai taɓa shiga allunan kasuwa ba, kuma shekara da shekaru shuɗin da ke cikin wayoyinmu ya dogara da dangin sinadarin antirasin, marasa ƙarfe, masu ƙarancin inganci amma masu juriya.

Sauran zaman sun bi hanyoyin da ake nema wa matsalar. Mun karanta aikin Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan, na 2012, inda zafin ɗaki kaɗai ke mayar da tirifilet ya koma singilet ba tare da ƙarfe ba, dabarar da ake kira TADF a taƙaice. Mun karanta na Takuji Hatakeyama na 2016 kan DABNA, ƙwayar da aka dasa boron da naitirojin cikin zobbanta ta yi tauri, launinta ya fito tsaf bai gauraya ba, faɗin zangonsa nanomita 28 kacal. Mun kuma duba dabarar maye haidurojin da diyuteriyom, wato nau'in haidurojin mai nauyi, wanda ɗaurinsa da kabon ya fi wuyar tsinkewa. LG Display ta sanar da amfani da ita a allunan talabijin a ƙarshen 2021. An yi gardama mai zafi a zaman da ya shafi haɗa mai tara kuzari da mai fitar da haske a shimfiɗa guda. Wasu na ganin nan mafita take, wasu na cewa an dai mayar da raunin ne kan mai tarawar. Ba mu daidaita ba, kuma ban ga laifin hakan ba.

Aikin lissafi

Ba mu da ɗakin gwajin da za a turara sinadari a kan gilashi cikin akwatin da babu iska, don haka kwamfuta ce ɗakin gwajinmu. Rukunin lissafi ya koyar da mambobi amfani da manhajar lissafin sinadarai ta ORCA, wadda kyauta ce ga masu bincike a jami'a. Da farko kowa tazarar singilet da tirifilet yake bi, don ita ke nuna inganci. Malamanmu suka ja mana kunne cewa ƙwayar da ta yi haske ta mutu da wuri ba ta da mai saye. Daga nan muka sauya tsari: duk wanda ya zana sabuwar ƙwaya sai ya fara lissafa ɗaurin da ya fi rauni a cikinta, a yanayinta na yau da kullum da kuma lokacin da take riƙe da caji, kafin ya yi maganar launi. Zane-zane da dama da muke alfahari da su sun faɗi a wannan siraɗi, har da nawa.

Ɗaukewar wuta ta yi mana ɓarna. Lissafin da ya kwana yana gudu sai a wayi gari ya mutu a tsakiya. Muna godiya ga mambobin ƙetare da suka karɓi manyan ayyukan suka gudanar a wurarensu.

Wayar da kai

Wasu mambobi sun zauna da masu gyaran waya a Kano, inda aka yi bayanin inuwar hoton da ke maƙalewa a tsohon allo da kuma yadda fari ke komawa rawaya-rawaya idan shuɗi ya gaji. Sun fi mu sanin alamomin, mu kuma muka kawo dalilin. Ƙamus ɗin kalmomin fannin da Hausa bai kammala ba. Har yanzu ba mu tsayar da kalma ɗaya ta LT95 ba, wato lokacin da haske ke ɗauka kafin ya ragu zuwa kashi 95 na asalinsa.

Kuɗi da shekara mai zuwa

Ma'aji zai karanta nasa lissafin daban. A taƙaice, kuɗin wata-wata ya tafi ne kan data, kuma akwai masu bashi. Kwamiti na neman amincewar taro a sayi batir da sola don kwamfutar lissafi, a kuma nemi ɗakin gwajin da zai haɗa mana ko da ƙwaya ɗaya daga cikin zane-zanen da suka tsallake lissafin ɗauri. Duk mai gyara ga wannan rahoto ya aiko wa sakatare kafin ranar taro.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya