Zuwa ga Ummi, kan maganar ɗanyen tumatir

Assalamu alaikum. Ummi, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiya, ƙafar Babanku ta yi sauƙi.

Ranar Juma'a Gwaggonki ta miƙo min wayarta, wai in ga abin da kika ɗora. Tukunya ce fal da tumatir, kore shar, ko ɗaya bai nuna ba. Ita dariya ta yi. Da na kira kika ce sanyin Oktoba na Ingila ne ya riski shukarki ta bayan gida, maƙwabciyarki 'yar Indiya ta koya miki yadda ake yi da shi, wai catni. A yanka shi da albasa da tuffa, a zuba sukari da ruwan khal da citta, a bar shi kan wuta kaɗan kusan awa biyu sai ya yi kauri, a ɗura a kwalba, ba a buɗewa sai ya yi wata. Na ji duka. Kwana uku ke nan barcina rabi da rabi.

Kin san rabona da ganin ɗanyen tumatir a tukunya? Tun 2016, shekarar da tsutsar nan Sharon ta cinye gonar Babanku a Kadawa. Abin da ya tsira muka tsinke tun yana kore, na yi miya da shi, na jefa kanwa ta kashe tsamin, na ce muku sabon salo ne. Kika ci har da ƙari. Ko Gwaggonki ba ta san halin da muke ciki ba, kuma har yau ba ta sani ba. To, zurfin cikin nan a nonona kika sha shi, shi ne abin da ke ba ni tsoro.

Ki gaya min gaskiya. Maigidan yana aiki kuwa? Haya fa, da kuɗin ɗumama ɗaki? Kuɗin da kika turo da Babbar Sallah, daga bakin yaran kika cire? Tun azumi ba abin da nake ji daga gare ki sai "lafiya lau, Mama". Ni na haife ki, ba za ki yi min lafiya lau ɗin da na yi wa tawa uwar ba. Masu cewa ni na tura ki auren nesa don kwaɗayi su yi ta faɗa. Allah ya ga zuciyata, sau biyu na tambaye ki kafin a sa rana.

In kuwa da gaske yawa ne ya yi miki, Allah ya ƙara, ki yafe min zargin. Kada dai ki dafa a tukunyar dalma, tsami yana cin ta. Kwalaben ki tafasa su, su bushe sarai kafin ki zuba. Manyan tumatirin da suka fara sauya launi kuma ki ƙunshe su a takarda da ayaba, za su nuna.

Na haɗa miki kauɗa da kuka da daddawa, ina jiran mai zuwa. Ran Asabar in maigidan ya fita ki kira ni ta bidiyo, ki buɗe min firij ɗinki in gani da idona. Ki ajiye min kwalba ɗaya.

Mamanki