Masaukin da Ya Cinye Mana Kwana Biyu a Paris

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu shirin zuwa Turai karo na farko labarin abin da ya same mu, ni da maiɗakina, a birnin Paris cikin watan Yunin 2025. Na lura duk wanda zai yi irin wannan tafiya, hirarsa ba ta wuce biza da tikitin jirgi da canjin kuɗi. Maganar masauki kuwa sai a bar wa ejan, a ce ai kwana kawai za a yi. Haka ni ma na ɗauka.

Ɗanmu ne ya kammala karatu a wani gari a kudancin Faransa. Muka ce tun da Allah ya nufa za mu taka ƙasar, bari mu yi kwana biyar a Paris kafin mu wuce wurinsa. Shi a lokacin yana fama da rubutunsa na ƙarshe, ban so in ƙara masa nauyi ba. Masu ba da biza kuma ba sa duba takardunka sai ka nuna inda za ka kwana, tare da inshorar lafiya ta yuro 30,000. Saboda haka na ce wa wanda ke haɗa mana takardu ya kama mana ɗaki. Washegari ya kira ni ya ce, "Alhaji, na samo maka mai sauƙi, kuma a Paris yake, ga shi nan ma a jikin sunan." Na duba, lallai akwai Paris a sunan otal ɗin. Na biya kuɗin kwana biyar gaba ɗaya, irin biyan da ba a mayarwa, domin ya fi araha.

Ranar Litinin da sassafe muka sauka. Otal ɗin ba shi da laifi, ɗaki fes, gado mai kyau, ma'aikata masu fara'a. Amma a bakin babbar hanya yake, tsakanin ofisoshi da rumbunan ajiye kaya, ko shagon burodi babu a kusa. Kafin ka ga wani abin da ya kawo ka garin, sai ka taka minti goma sha biyar zuwa tashar bas, bas ta kai ka tashar jirgin da suke kira RER, ka shiga, sannan ka sauka a Châtelet-Les Halles ka nemi wani layin a ƙarƙashin ƙasa. Hajiya ta shekara goma tana fama da ciwon gwiwa. Ba zan manta tsayuwarta a gindin wata matakala a wannan tasha ba, hannu ɗaya a kan ƙarfen riƙo, ɗayan riƙe da gefen mayafi, jama'a suna kewaye ta suna wucewa kamar ruwa ya tarar da dutse. Ta ɗaga kai ta ƙirga matakalar da ido, ta ce, "Bismillah," ta fara hawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin tsofaffin tashoshin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, ba su da lifta, wannan kuma ba wanda ya faɗa mana.

Ranar Talata muka yi sammako don gidan tarihi na Louvre. Awa ɗaya da rabi muka yi a hanya. Muka iso gaban dalar gilashin da ke ƙofar shigarsa muka tarar ba layi, ba kowa a ƙofa, ashe duk Talata a rufe yake. Da a kusa muka sauka, da sai mu koma ɗaki mu huta mu sake shiri. Amma wa zai sake bin waccan hanya ya dawo? Sai muka gangara lambun Tuileries da ke maƙwabtaka, muka ja korayen kujerun ƙarfen da ake ajiye wa jama'a, Hajiya ta cire takalmi tana murza gwiwa. A wannan wata Azahar ba ta yi a can sai wajen ƙarfe biyu. Da lokaci ya yi, sai da muka shiga wani shagon shan kofi muka sayi abin da ba mu bukata don mu samu shiga banɗaki, muka yi tsarki da alwala da gorar ruwan sha, muka haɗa Azahar da La'asar a wani lungun lambun, a takure. Rana kuma ta yaudare mu. Ƙarfe tara na dare gari na nan da haske kamar bayan La'asar, Magariba ba ta faɗuwa sai kusan goma. Kafin mu koma tasharmu bas ta yi wuya, dole muka ɗauki tasi. Kuɗin tasin daren nan kaɗai ya cinye rarar da nake ganin na samu a kuɗin ɗaki na wannan rana.

A daren na kira yaron. Ya ce, "Baba, karanto mini lambobi biyar ɗin da ke gaban sunan gari a adireshin." Na karanta, sun fara da 93. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Baba, ai ba a cikin Paris kuke ba."

Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin abu ne da kowa zai iya dubawa daga gida, a wayarsa, kafin ya biya ko sisi. Birnin Paris kansa ƙarami ne, bai wuce murabba'in kilomita 105 ba, kuma wata babbar hanya mai suna Périphérique ta zagaye shi kamar ganuwa. An kasa shi gunduma 20. Ta ɗaya ita ce inda Louvre yake, a tsakiya, sauran kuma suna nannaɗowa daga nan zuwa waje kamar katantanwa. Duk adireshin da ke cikin birnin lambarsa tana farawa da 75, lambobi biyun ƙarshe kuma su ne gundumar: 75001 ta ɗaya, 75005 ta biyar, 75018 ta goma sha takwas. In ka ga 92 ko 93 ko 94, to garuruwan da ke bayan ganuwa ne, ko da an liƙa wa otal ɗin sunan Paris sau uku. Ban ce duka suna da nisa ba. Akwai waɗanda metro ke shiga har cikinsu, mutum ya hau jirgi ɗaya ya sauka a tsakiyar birni. Namu dai ba ya cikinsu, kuma da na san ma'anar lambar da na tsaya na bincika. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji magabata, amma wannan makanta ce da minti biyar a kan taswira za su warkar.

Ranar Laraba muka haɗa kaya, muka bar kuɗin kwana uku a can. Yaron ya samo mana ɗan ƙaramin otal a gunduma ta biyar, kusa da tashar Place Monge. Ɗakin bai kai rabin na farko ba, in an buɗe akwati ɗaya sai an rufe kafin a wuce banɗaki. Liftar kuwa mutum ɗaya da jaka ɗaya take ɗauka, sai da na tura Hajiya ta hau ni na bi matakala. Kuɗinsa kuma ya fi na wancan sosai. Amma daga ranar ne muka fara ganin Paris.

Daga ƙofar otal zuwa Babban Masallacin Paris, ko a takun Hajiya, bai kai minti goma ba. An buɗe masallacin a 1926, don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yaƙi a ɓangaren Faransa a Yaƙin Duniya na Farko, kuma hasumiyarsa mita 33 ce. Farin gini ne mai koren rufi irin na Maroko, da lambu a tsakiya da maɓuɓɓugar ruwa. Ranar da muka fara shiga, Hajiya ta zauna a bakin baranda tana kallon adon tayil ɗin bango, ta ce yau ne ta ji numfashinta ya dawo. A nan na yi Juma'a, kafaɗa da kafaɗa da mutanen Aljeriya da Senegal da Mali, aka idar na tako na dawo ɗaki kafin abinci ya huce. A filin Place Monge kuma kasuwa na ci da safe ranakun Laraba da Juma'a da Lahadi, muka riƙa sayen 'ya'yan itace da burodi, wanda ya rage mana kuɗin gidan abinci ba kaɗan ba.

Sauran wuraren duk suka zo kusa. Majami'ar Notre-Dame, wadda gobara ta ci a Afrilun 2019 aka sake buɗewa a Disambar 2024, a ƙafa muka je, muna tafe muna hutawa a bakin kogin Seine. Louvre kuwa, ranar Alhamis muka hau layi na 7 a Place Monge, tasha shida ba canji, muka sauka a bakinsa. Muka yi awa uku a ciki, gwiwa ta ce ta gaji, muka dawo. Hajiya ta yi sallah a ɗakinta da butarta, ta yi barcin rana, da yamma muka sake fita da ƙarfinmu. Wannan komawa ɗaki da tsakar rana ita ce abin da na saya da ƙarin kuɗin, kuma ga dattijo, ko mai tafe da yara, ko duk mai kiyaye sallah a kan lokaci, ban ga abin da ya kai ta daraja a tafiyar ba.

Sai dai kada a fahimce ni a baibai. Da yawa daga mutanenmu in an ce Paris hasumiyar Eiffel suke hangowa, sai su dage sai otal ɗin da ke gindinta. Ba na ba da wannan shawara. Hasumiyar, wadda aka gina a 1889, tana can yamma a gunduma ta bakwai, tazarar kilomita uku da wani abu daga Louvre, a unguwar ma'aikatu da ofisoshin jakadanci inda komai ke da tsada. Sau ɗaya za ka je ka gan ta, ka ɗauki hoto, ka gama. Mu jirgin RER C muka hau daga Saint-Michel, ya bi gefen kogi ya ajiye mu kusa da ita. Wurin da za ka riƙa komawa kullum, masallaci da abinci da tashar jirgi, shi ya kamata ya kasance a bakin ƙofarka. Wanda kuma aljihunsa bai kai tsakiyar birni ba, kada ya ji kunya, ya nemi gundumomin gefe, muddin akwai tashar metro a tafiyar minti biyar kuma layin na kai shi tsakiya ba tare da canji ba. Mai kewar abincin gida ya san da unguwar Château Rouge a gunduma ta 18, kan layi na 4, inda muka ga kuɓewa da doya da manja da busasshen kifi jibge a kan tebura. Akwai cunkoso sosai a wurin, a kula da aljihu da waya, haka ma a cikin metro.

Akwai 'yan tambayoyi da na so a ce na aika wa otal tun ina gida. Ko akwai lifta, domin yawancin gine-ginen tsakiyar birnin tsofaffi ne, kuma hawan ƙasa sifili suke ƙirga shi, saboda haka in an ce hawa na uku, to bene uku cur za ka hau. Ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, domin mun ɗauka Turai sanyi ce kullum, sai ga zafin Yuni ya hana mu barci a dare ɗaya har sai da muka roƙi fanka. Jirage da yawa daga wajenmu da safe suke sauka, ɗaki kuma ba a ba da shi sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana, sai a tambaya ko za su ajiye kaya. Akwai kuma ɗan harajin kwana da ake karɓa a kan kowane mutum kowane dare, wani lokaci ba ya cikin kuɗin da ka gani a intanet. Karin kumallon otal sau da yawa da naman alade a jere kusa da cuku, a tambaya kafin a ɗiba. Buta kuwa a sako ta a akwati tun daga gida. Sannan a daure a kama ɗakin da za a iya sokewa a karɓi kuɗi, ko da ya ɗan fi tsada. Da haka na yi, da kuɗin kwana ukun nan bai salwanta ba.

Ga masu haɗa wa mutane takardun tafiya kuma, ina roƙonku don Allah. Wanda ya miƙa muku fasfonsa amana ya ba ku. Ku tambaye shi shekarunsa da lafiyar ƙafarsa da wanda zai tafi da shi, ku buɗe taswira ku nuna masa inda kuka ajiye shi da inda yake son zuwa. In mai arahar yake so bayan ya gani da idonsa, wannan zaɓinsa ne.

Ranar Asabar muka bar Paris. Jirgin ƙasan da zai kai mu kudu daga tashar Gare de Lyon yake tashi, tana tsallaken kogi kaɗan daga inda muka sauka. Tasi ya ɗauke mu da akwatunanmu, cikin minti goma muna bakin tasha, har Hajiya ta samu zama ta sha shayi kafin a kira jirginmu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya