Takardar Koke Kan Hanyar Ƙafa Ta Zuwa Farin Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Wamba, Jihar Nasarawa, tare da sanar da fadar Mai Martaba Oriye Rindre, sarkin Wamba.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri da fatan Allah ya taya ka riƙo. Mu ne matasan da ke raka baƙi zuwa gindin ruwa, da 'yan acaba masu ɗauko mutane, da iyayenmu mata masu sayar da abinci da gyaɗa da ruwan sha a ƙauyukan da ke kewaye da Farin Ruwa. Mun zauna mun yi shawara da dattawanmu, Musulmi da Kirista, muka ga gara mu rubuto maka tun da sauran lokaci, kafin damina ta sauka ta ƙarasa abin da ya rage.

Yallaɓai, ba sai mun tsaya gaya maka abin da Allah ya ajiye mana a nan ba. Ruwan nan daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ya faɗo daga tsayin mita 150, faɗinsa kusan mita 50, tun daga nesa kana hango shi fari fat kamar hayaƙi, kuma duk Najeriya ba su da yawa waɗanda suka kai shi tsayi. Daga garin Wamba tafiyar kilomita 30 ce ko kusa da haka. Amma kokenmu yau a kan guntuwar hanyar ƙafan nan yake, wadda ke bi ta cikin kurmi daga inda mota da babur suke tsayawa har zuwa inda feshin ruwa ke fara jiƙa mutum.

Hanyar nan ita ce rufin asirinmu, don ba hawan dutse ne mai kashe gwiwa ba, tafiya ce mai sauƙi a ƙarƙashin inuwa, kana jin ƙarar ruwa tana ƙaruwa kaɗan kaɗan, ga kukan tsuntsaye ga sanyi, shi ya sa malamin firamare zai iya kwaso 'yan ajinsa ya kawo su, dattijo mai sanda ma in ya bi a hankali yana hutawa zai isa, matan zumunta na coci da ɗaliban Islamiyya da 'yan bautar ƙasa da ɗalibai daga Akwanga da Keffi da Lafiya duk suna zuwa, balle lokacin Sallah da Kirsimeti da Ista da mutanen Abuja ke cika wurin. Duk wanda ya zo sai ya hau babur ɗin ɗanmu, ya sayi abincin uwarmu, ya sallami yaron da ya nuna masa hanya. Kuɗin makarantar yara da yawa a nan daga hanyar nan yake fitowa.

To yanzu hanyar tana lalacewa muna kallo. Babban abin da ya fi ci mana rai shi ne saran itace. Masu injin yankan katako da masu ƙona gawayi sun fara matsowa kusa da hanya da bakin rafi, manyan itatuwa irin su maɗaci da maɗobiya da mun taso mun tarar da su, wanda kakanninmu ma ba su san wanda ya shuka ba, sai ka wayi gari ka tarar da kututture. Kuma fa ba inuwa kaɗai ake rasawa ba, saiwar itatuwan nan ce ke riƙe ƙasar gangaren, in aka sare su ruwan sama na farko zai kwashe ƙasar ya maida hanya kwazazzabo, dutse ya fito tsirara ga gansakuka ga santsi. Wuraren da da yaro ke wucewa da gudu yanzu sai mun riƙe hannun mutum mun tsallakar da shi, iyaye mata masu goyo kuma wasu a nan suke juyawa ba su ga ruwan ba bayan sun sha doguwar tafiya, wallahi abin ba daɗi ka ga baƙo ya koma da ɓacin rai alhali ya kusa isa. Mun san masu gawayin nan ba don jin daɗi suke yi ba, talauci ne, wasu ma 'yan uwanmu ne, amma buhun gawayi kuɗinsa na kwana biyu ne, itacen kuwa sai an yi shekaru masu yawa kafin wani ya kai girmansa.

Sai ƙona daji da rani don farautar gafiya, da ledar fiya wata da robobin lemo da baƙi ke watsarwa har cikin ruwa, ruwan da mutanen ƙasa da mu ke sha su shayar da dabbobi.

Ranka ya daɗe, mun san akwai manyan maganganu a kan Farin Ruwa, tun zamanin Gwamna Abdullahi Adamu da ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007 ake batun madatsar ruwa ta lantarki da masaukin baƙi, muna addu'a Allah ya nuna mana cikarsu. Wannan aikin jiha ne da tarayya. Abin da muke roƙo ƙarami ne, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da masu sarauta ba.

Don Allah a shata iyaka a gefe biyu na hanyar da bakin rafi, a ce daga nan zuwa nan ba sara ba ƙuna, kuma sanarwar ta fito daga bakin hakimai da masu unguwanni, a maimaita a masallatai da coci-coci da ranar kasuwa, don mutanenmu sun fi jin maganar sarakuna a kan takardar da aka manna a bango. Ma'aikatan gandun daji su riƙa leƙowa, mu za mu zama idonsu. Inda ruwa ya cinye hanya a taimaka mana da siminti da rodi a yi matakala da abin dafawa, da 'yar gada a wurin tsallake rafi, dutse da yashi muna da su a nan, aikin ƙarfi kuma za mu yi gayya ba sai an biya mu ba. A ba mu irin itace daga gandun reno mu dasa a inda aka sare, mu yi alƙawarin shayar da su har su kama. Muna kuma so a yi wa masu raka baƙi rajista da katin shaida, a koya musu taimakon gaggawa, saboda da damina ruwa na cika sosai kuma matasa masu son ɗaukar hoto a kan dutse ba sa jin bari sai in mai hana su yana da hurumi. A kafa allo da Hausa da Turanci a wuraren haɗari, a ajiye duro na zuba shara. In har za a karɓi kuɗin shiga to a yi shi da rasit, a ware wani kaso a fili don gyaran hanyar.

Muna gayyatarka Yallaɓai ka zo da kansiloli da wakilin fada ku taka hanyar da ƙafarku kafin ruwa ya sauka, mu nuna muku wuraren ɗaya bayan ɗaya, in ya so sai a sa ranar fara aiki.

Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora.

Mu ne naku,
Masu raka baƙi, 'yan acaba da mata masu sana'a na ƙauyukan kewayen Farin Ruwa.