Sanarwa kan haɗin gwiwarmu da jami'a

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Alhamdu lillahi, magana ta kankama tsakanin kamfaninmu da jami'ar da za mu yi bincike tare. Su za su kawo ɗalibai da ɗakin gwaji, mu kuma na'urori da manhaja.

Aikin shi ne haɗa bayanan kyamara, rada (na'urar gano abu da igiyar rediyo) da LiDAR (na'urar da ke amfani da hasken lesa) wuri ɗaya, don motar da ke tuƙa kanta ta san abin da ke gabanta. Kowace na'ura da rauninta. Kyamara takan rikice cikin duhu. LiDAR yana auna nisa da hasken lesa daidai, amma hazo da ruwan sama mai ƙarfi suna dagula shi. Rada ba ruwanta da hazo, sai dai ba ta tantance siffar abu sosai. Ni abin da ya fi damuna shi ne daidaita agogon na'urorin. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 2 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ɗan saɓanin lokaci ya isa ya jawo haɗari.

Don Allah kada kowa ya fitar da bayanan gwaji kafin a sa hannu kan yarjejeniyar mallakarsu. Mai tambaya ya rubuto nan.