Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan baƙin layin da ta gani

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan Maradi zafi ya fara bugowa, Gulbi ya ƙafe sai yashi. Mahaifiyarki tana nan da ciwon gwiwarta, amma da sauƙi, alhamdu lillahi.

Hoton da kika turo daren Juma'a ya iso. Na sa tabarau na daɗe ina kallon baƙin layin nan da ya fito a takardar gwajinki, na kuma saurari saƙonki har sau uku, don na ji muryarki tana rawa saboda murna. Kin ce antibodin da kuka saya, wato ruwan gwajin da ke neman wani furotin ya manne masa, ya kama furotin ɗin ƙofar Gardos, ƴar ƙofar da gishirin fotasiyam ke bi ya fita daga jar ƙwayar jini, a jinin masu sikila, daidai inda ake sa ran ganinsa, kuma kina so ku fara rubutu ke da malaminki. Na taya ki murna har zuciyata. Sai dai barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauki biro, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Akwai labarin da ban taɓa ba ki ba. Kina goye a lokacin, ni kuma ina sabon hannu a ɗakin gwajin jini. Ruwan da muke ɗigawa mu gane rukunin jini, anti-A da anti-B, shi ma antibodi ne, mu da muka yi karatu da Faransanci antikor muke ce masa. Wuta ta ɗauke kwana biyu cikin zafin Afrilu, firij ya zama tanda, da ta dawo ban kawo komai a raina ba. Da dare aka kawo wata mai haihuwa tana zubar da jini, rukuninta O. Na ɗebi jinin wanta, na ɗiga ruwan, bai dunƙule ba, na rubuta O. Wani dattijo da muke aiki tare, Allah ya jiƙansa, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, ka gwada ruwan nan a kan jinin da ka sani?" Ni A ne, na san haka tun muna makaranta. Na huda yatsana na ɗiga anti-A, jinina ya kwanta lumui kamar ba a sa masa komai ba. Ruwan ya mutu, kwalba da rubutunta kawai suka rage. Da muka samo wani, sai ga shi wan nata A ne. Har yau in na tuna daren nan sai jikina ya yi sanyi.

Ni kwalbata shiru ta yi a inda ya kamata ta yi magana. Abin da nake ji miki tsoro shi ne taki ta yi magana a inda ya kamata ta yi shiru. Ke kika koya mini cewa ƙofofin nan da gishirin jiki yake bi ya shiga ƙwayar halitta ko ya fita dangi ne masu kama da juna, kuma ba su da yawa a fatar kowace ƙwaya. A fatar jar ƙwayar jini guda akwai furotin ɗin da ake kira Band 3 wajen miliyan ɗaya, ita kuwa ƙofar Gardos ƴar ƙalilan ce a cikinsu. Antibodi ɗan guntun furotin kawai yake ganewa, kamar wanda aka nuna wa kunnen mutum aka ce ya je babbar kasuwa ya nemo shi. Zai iya cafko wani mai irin kunnen, kuma kama da wane ba wane ba ne. Fitowar layi a inda kike so ba ta isa shaida ba.

Don haka ga roƙona. Tunda akwai ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon da ke yin ƙofar nan, ki nemi jininsu ko wasu ƙwayoyin da aka yi wa haka, ki jera su kusa da naki a gwaji ɗaya. In layin ya ɓace a wurinsu, to abin da kika gani shi ne. In ya fito a can ma, antibodin wani abu daban yake kamawa, komai kyan takardar da kamfani ya haɗo da shi. Ki kuma sa wanda kika tabbata yana ɗauke da ƙofar, kamar yadda na huda yatsana. Sannan kada ki tsaya ga shaida guda. Kin ce a bene na ƙasa akwai masu na'urar sauraren wutar da ke ratsa ƙofa ɗaya tak, dabarar da ta sa aka ba Neher da Sakmann kyautar Nobel a 1991. Ki je ki gaishe su, ki roƙi rana. Na yi mamaki da kika ce a dafin kunama aka samo abin da ke toshe ƙofar nan, kunamar da muke kakkaɓe takalma saboda ita.

Na san kuɗin ɗan ruwan da bai cika cokali ba sun isa ragon layya, na kuma san kunyar zuwa gaban malami a ce watakila an yi cinikin biri a sama. Ki je ki faɗa masa da ladabi. Wata biyu na jinkiri ya fi sauƙi a kan janye magana bayan ta shiga duniya da sunanki.

Sauran ƙananan abubuwa kin fi ni sani, amma bari in faɗa. Ki rarraba ruwan a ƙananan bututu tun ranar da ya zo, kada ki riƙa narkarwa kina mayarwa cikin ƙanƙara. Ki rubuta lambar kowace kwalba a littafinki, domin wanda aka samo daga jinin zomo, in na wannan zomon ya ƙare, na gaba ba lalle halinsu ya zo ɗaya ba. In da hali ki nemi irin wanda ake samu daga tsatson ƙwaya guda, dabarar da Köhler da Milstein suka fito da ita a Kambirij a 1975, shi ma kuma sai kin gwada shi.

Uwata, na san abin da ya kai ki ga wannan ƙofa. Ke ce kike zama kusa da ƙanenki kina gasa masa ƙafafu da tsumma in ciwon ya tashi, kina ƴar shekara goma sha biyu. Ranar da kika bayyana mini abin da Gardos, masanin da aka sa wa ƙofar sunansa, ya gano a 1958, da yadda a jikin mai sikila kalsiyam ke shiga ƙwayar jini ya buɗe ƙofar, fotasiyam ya fice, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe ta ƙara saurin lanƙwashewa kamar lauje, sai na ga fuskar yaron nan a gabana. Ni ma ina son layin nan ya zama gaskiya, watakila fiye da ke. Abin da ya sa nake tsoron idonmu ke nan, ni da ke. Ke da bakinki kika gaya mini an taɓa yin maganin da ke rufe ƙofar, jinin marasa lafiya ya ƙaru, amma tashin ciwon bai ragu ba, aka dakatar da gwajin. Iyayen da ke kwana a barandar asibiti da ƴaƴansu a nan garin an sha sa musu rai, kada a ƙara musu da abin da ba a tabbatar ba.

Jiya na wuce ta gaban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, na ce a raina Allah ya nuna mini ranar da za ki tsaya a ciki kina koya wa ƴaƴanmu wannan aiki.

Mahaifiyarki ta ba ɗan maƙwabcinmu da zai taho ƙarshen wata ƙuli-ƙuli da yaji da kuka, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. In kin yi gwajin, ki turo mini hoton duka layukan a jere, na masu sikila da na ɓeran, ko da abin da ya fito bai yi miki daɗi ba. Ina so in gani da idona.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan ƙanenki.

Naki,
Baba