A Ba Masu Bincike Alƙaluman Masu Jiran Shari'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan masu jiran shari'a. Alƙaluman Hukumar Gyaran Hali ta Ƙasa sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. An maimaita wannan har ya zama waƙa.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi yadda za a riƙa tattara bayanai. Sashe na 111 ya ce duk kwana 90 a kai wa Babban Joji sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 a tsare suna jiran shari'a. Sashe na 34 kuma ya ɗora wa majistare leƙa ofishin 'yan sanda kowane wata. Jihohi sun yi tasu dokar, Kano a 2019.

To, rahotannin nan ba don ƙura ta ci aka yi su ba. A cire sunaye, a ba malaman jami'a da lauyoyi su tsefe su: wace kotu ce shari'a ta fi daɗewa, fayil nawa ne ke jiran shawarar ma'aikatar shari'a, mutum nawa ne tarar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba ta hana su komawa gida. Irin waɗannan ne dokar gyaran hali ta 2019 ta buɗe wa ƙofar aikin al'umma maimakon kurkuku, wasu ma sulhu a gaban mai unguwa ya ishe su.

Ina roƙon wakilanku su nemi rahoton watanni ukun da suka wuce, ku buga mana.

Naka,
Wani mai karatu, Kano